Yadda Tafin Ƙafata Ya Baje, da Watannin da Na Yi Cikin Kambas

Ni malamar firamare ce a cikin birnin Kano, kuma duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san a tsaye ake yin wannan aiki. Daga taron safe har a tashi, mutum na gaban allo, ko yana zagaya benci yana duba rubutu, ko yana raba faɗan fensir. Shi ya sa da ƙafata ta dama ta soma ciwo, bayan na haura shekara 40 da 'yan kai, ba wanda ya yi mamaki. Gajiya ce, in ji kowa.

Ciwon ta ciki yake. Yana farawa daga bayan ƙashin idon sawu, wanda ya turo ta ɓangaren babban yatsa, ya gangaro zuwa kwarmin tafin ƙafa. Da safe garau nake tashi. Kafin azahar wurin ya tasa ya yi ɗumi, in an tashi daga makaranta kuwa da ɗingishi nake isa bakin titi in tari adaidaita. In na kwana sai ya lafa. Asabar da Lahadi har mantawa nake da shi, sai Litinin ta tuna mini.

Masu ba ni magani kam ban rasa su ba. Yayata ta ce sanyi ne, ta aiko da sassaƙe. Wata abokiyar aikina ta ce amosanin gaɓɓai ne, haka na mahaifiyarta ya soma. Mai kemis ɗin layinmu ya ba ni man zafi da diclofenac, kuma in na sha nakan samu sa'ida, in yi yinin aiki lafiya, sai dare ya yi ƙafar ta bi ni bashinta. Maigidana ya kai ni wurin wani tsohon maɗori da danginsu ke zuwa. Ya tattaɓa, ya murza, ya ja yatsu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya dubi maigidan ya ce, "Malam, ba karaya, ba gocewa, ba targaɗe. Wannan ba aikina ba ne, ku kai ta a yi hoto." Har gobe ina ganin girman dattijon nan. Da wani ne da ya ɗaure ƙafar da kara ya karɓi kuɗinsa, mu yi ta sintiri.

'Yata ta fari ce ta fara lura cewa siffar ƙafar ma ta canja. Tana wanke silifas ta ce, "Umma, dubi takalminki, ɗaya ya cinye ta ciki, ɗayan kuma lafiyarsa lau." Daga nan na soma duba sawuna a kan siminti in na gama alwala. Na hagu yana fita da gibi a tsakiya, inda kwarmin bai taɓa ƙasa ba, yadda na san sawuna tun ina yarinya. Na dama kuwa ya cike taf, tun daga dunduniya har yatsu. In ina tafiya kuma yatsun suna kallon waje. Takalmin da na daɗe ina sawa ya soma matse ni a ƙafa guda.

Likitan da nake karɓar maganin hawan jini a wurinsa ya duba, ya rubuta mini takarda zuwa Asibitin Ƙashi na Dala. Asibitin tun 1959 yake nan, amma mu mutanen gari mun fi saninsa da waɗanda suka yi haɗarin mota da babur, har na ji nauyin in je in zauna cikin masu sanduna da ciwon da ba jini ba karaya. Da na je sai na tarar irina suna da yawa, kuma akasarinsu mata ne sa'o'ina, masu ɗan jiki irin nawa.

Likitan da ya gan ni bai fara da hoto ba. Ya sa na cire takalmi da safa, ma'aikaciyar jinya ta ɗan tattare mini zani, na tsaya na juya masa baya. Ya tsuguna yana kallon dugadugaina, ya ce da ɗaliban da ke tare da shi su faɗi yatsu nawa suke hangowa ta gefen kowace ƙafa. A ta hagu ɗan ƙaramin yatsa suke gani da gefen na kusa da shi. A ta dama har na tsakiya ya leƙo, dunduniyar kuma ta karkata waje. Sai ya ce in dafa bango, in ɗaga ƙafar dama, in yi ɗage a kan yatsun hagu. Na yi ba wahala. Da aka juya kan ta dama na yunƙura, dunduniyar ta rabu da ƙasa da ƙyar, wani zafi ya tsarga mini ta cikin idon sawu, na sauke. Na sake yunƙurawa, ƙafar ta ƙi. A nan gabana ya faɗi, don ban taɓa sanin akwai abin da ƙafata ba ta iya yi ba sai ranar.

Daga nan ya zaunar da ni, ya kama dunduniyar da hannunsa ya juya ta ciki. Ta bi shi. Ya danna gaban ƙafar, kwarmin ya ɗan dawo. Ya ce, "Alhamdu lillahi, Hajiya, ba ta ƙage ba. Wannan shi ne abin da nake son in sani."

Bayanin da ya yi mini ga shi yadda na riƙe shi. Ƙashi 26 ne a ƙafar mutum daga idon sawu zuwa yatsu, kuma ba a shimfiɗe suke ba, a gantsare suke ta ciki, shi ne kwarmin da muke gani. Akwai wata tsoka can cikin sha-raɓa, a bayan ƙashin ƙwauri. Jijiyarta, ba ta jini ba, irin mai taurin nan 'yar'uwar agara, tana gangarowa ta bi ta bayan ƙashin idon sawu na ciki, ta lanƙwasa, ta je ta kama wani ƙaramin ƙashi da ke saman kwarmin. Duk takun da mutum ya yi, ita ce ke ɗage kwarmin ta ɗaure ƙafar, don ta yi taurin da za ta tura jiki gaba. Ya ce in tuna da bakan tsohon zaure: azara ce a cikin ƙasar take riƙe da shi, in ta fara rauni bakan ba ya ruftawa rana ɗaya, sannu a hankali yake sauka, bango ya fara buɗewa. Daidai inda jijiyar ta yi kwana a bayan ƙashin, jini bai cika isa sosai ba, shi ya sa in ta gaji ba ta saurin warkewa. Tana kumbura, ta yi ƙananan tsage-tsage, ta saki. In ta saki nauyin ya koma kan sauran jijiyoyin da ke ɗaure ƙasusuwan, su ma su miƙe.

Na tambaye shi game da ƙanena, wanda tun yana yaro ƙafarsa a shimfiɗe take, har aka taɓa mayar da shi saboda ita wajen ɗaukar 'yan sanda. Ya ce wannan daban. Kowane jariri da shimfiɗaɗɗiyar ƙafa ake haihuwarsa, kwarmin yana fitowa ne a shekarun yarinta, wasu kuma ba ya fito musu sam, su yi rayuwarsu ba ciwo ba komai, ba sa bukatar magani. Abin da ake gudu shi ne irin nawa: ƙafar da aka sani da kwarmi, ta zo ta baje da girma, galibi guda ɗaya, tare da ciwo.

Tambayoyi ya yi mini da yawa. Nauyina, hawan jini, ko ina da ciwon sukari, ko gaɓoɓin hannuna na ƙagewa da safe, ko na taɓa buguwa a wurin, ko an taɓa yi mini allura a idon sawun. Har ya tambaye ni ko na sha ciprofloxacin kwanan baya, maganin nan da ake yawan ba mu in an ce taifot. Ashe shi da danginsa suna iya raunata irin waɗannan jijiyoyi, har hukumar magunguna ta Amurka ta sa an buga gargaɗi a kansu tun 2008. Ya sa aka auna mini sukari, aka ɗauki jini don a tabbatar ba amosanin da ke cin gaɓoɓi ba ne, duka suka fito lafiya. Ya ce in dakata da diclofenac na kullum, don ga mai hawan jini yana iya ƙara shi, ya taɓa ƙoda, ya tayar da gyambon ciki. Ni kuma na roƙe shi abin da kowa ke roƙo: a yi mini allura a wurin a huta. Ya ce allurar da ke kwantar da kumburi a gwiwa, in aka yi ta cikin wannan jijiyar, tana iya tsinka ta gaba ɗaya.

Hoton ƙashin a tsaye aka ɗauke shi, nauyina na kan ƙafar, don in mutum na kwance ƙasusuwan kan koma mazauninsu hoto ya fito kamar ba komai. Daga baya na karanta cewa wasu likitoci biyu, Johnson da Strom, sun kasa cutar mataki uku a 1989, wani mai suna Myerson ya ƙara na huɗu. A na farko jijiyar ce kawai ke ciwo, siffa ba ta canja ba. A na biyu ƙafar ta baje amma tana juyuwa in an juya ta. A na uku ta ƙage a haka. A na huɗu har mahaɗar idon sawu ta karkace. Ni a farkon na biyu nake.

Abu na farko shi ne a hutar da jijiyar. Ana iya sa siminti, ana iya sa wani takalmin roba mai tsawo har kusa da gwiwa, mai maɗaurai, kuma galibi sati 6 zuwa 8 ake yi. Na zaɓi takalmin saboda alwala da wanka, don ana kwance shi a mayar. Yana da nauyi, ƙasansa ya fi na kowane takalmi tudu, sai da na nemi mai kauri na sa a hagu kafin ƙuguna ya daina ciwo. Hedimasta ya sa aka kawo mini doguwar kujera gaban allo, monita ya koma shi ke share allo da raba littattafai. Da yamma in sayi ƙanƙarar leda, in naɗe ta a tsumma, in ɗora wajen minti 20 ƙafar na kan filo.

Salla ce ta fi damuna a lokacin. A sujada da zaman tahiya yatsun dama a kafe suke, kuma daidai wannan lanƙwasar ce ke ja mini wurin. Maigidana ya tambayi limamin unguwa, ya tuna mana hadisin Imrana ɗan Husaini: ka yi salla a tsaye, in ba ka iya ba a zaune. Sai na koma yin ta a kan kujera har aka cire takalmin. Na san hukuncin tun ina Islamiyya, amma saninsa daban, ganin kai kan kujera a sahun mata ranar Juma'a tare da tsofaffi daban. Tsugunno ma sai da na rage. Wanki da wanke-wanke suka koma kan 'yar kujera, tsintsiya aka ɗaura mata doguwar sanda.

Da aka cire takalmin ciwon ya ragu ƙwarai, amma sha-raɓar ta rame, ƙafar kuma tana nan a baje. Daga nan aka tura ni wurare biyu: wurin masu ƙera ƙafar roba da takalman gyara, da kuma sashen gashin ƙashi.

Masu ƙerar sun ɗauki siffar tafin ƙafata, dunduniyar a miƙe, suka yi mini wata shimfiɗa mai tauri da ake sawa cikin takalmi. Tana da tudu a ƙarƙashin kwarmin, tana da ƙoƙo da ke rungumar dunduniya, an kuma ɗan ɗaga ta ta ciki don ta hana dunduniyar zamewa waje. Mai aikin ya ce in fara da awa ɗaya ko biyu a rana in riƙa ƙarawa, in kuma ta ci mini fata in dawo ya goge wurin. Sannan ya faɗi maganar da ta zama rabin jinyata: "Hajiya, wannan abin ba ya aiki a silifas. Sai sawu-ciki mai igiya."

Na nufi Ƙofar Wambai wurin 'yan gwanjo da shimfiɗar a jaka. An koya mini yadda zan gwada. A matse bayan takalmin, in ya lotsa ba shi ba ne. A murɗa shi, in ya murɗu a ajiye. A lanƙwasa, wajen yatsu kawai ya kamata ya karye ba tsakiya ba. A zare shimfiɗar da ya zo da ita a sa tawa. Yaron shagon ya gaji da ni, ya ce, "Mama, wai gudu za ki shiga ne?" Na fito da kambas na maza, baƙi, mai faɗin baki.

To, a nan ne na gane cewa wanda ya tsara wannan magani bai san zamanmu ba. Maganin a cikin takalmi yake, mu kuwa rabin rayuwarmu ba takalmi muke yin ta. A ƙofar ɗaki ake cirewa. A gidan suna, gidan biki, gidan gaisuwa, ga tabarma an shimfiɗa tun daga tsakar gida. Mace tana yini a gidanta tsakanin kicin da ɗaki da bakin rijiya, ko dai ƙafa tsirara ko silifas ɗin da ya sha jiki. Likitar sashen gashin ƙashi ta tambaye ni awa nawa nake yi a tsaye bayan na dawo daga makaranta, na lissafa girki da shara da hidimar yara, sai ga shi ya kusa kai na aji. Ta ce to in na sa shimfiɗar a makaranta na cire a gida, rabin magani na sha.

Dabarar da na yi ita ce na sayi kambas na biyu, na wanke shi tas, ya zama na cikin gida, ƙasansa bai taɓa taka waje ba. In na dawo sai in zauna a bakin ƙofa in zare shimfiɗar daga wancan in sa a wannan. Ko dare in zan fita banɗaki shi nake zurawa. Yara sun yi dariyarsu sun gaji. Inda abin ya yi nauyi shi ne gidan surukata. Ranar farko da na ciro takalmi daga leda a ƙofar ɗakinta na sa, ta bi ƙafar da kallo ta ce, "Yau kuma takalmi a kan darduma?" Na durƙusa gwargwadon yadda ƙafar ta bari na ce, "Hajiya, ku yi haƙuri, likita ne ya sa. Wankakke ne, ba a fita da shi." Ta yi shiru, can ta ce Allah ya sawwaƙe. Bayan kwana biyu sai ga ta ta aiko jikanta yana tambayar inda ake samun irinsa, wai gwiwarta. A gidan gaisuwa kuwa ba na jayayya da kowa: in cire a bakin tabarma, in nemi wuri kusa in zauna, ba na yawo. Biki ne dai na sha kallo, leshi da gwaggwaro a sama, kambas a ƙasa. 'Yan ajina ma suka sa mini Malama 'yar ƙwallo, suna zaton ban ji ba.

Ni a ganina wannan ne ke kayar da yawancin matanmu a wannan jinya, ba tsadar shimfiɗar ba. Na ga wata a layi da tata sabuwa fil a cikin jaka, ta ce ita kam ba za ta iya fita da takalmin maza ba. Ban ga laifinta sosai ba. Amma da masu ba da shimfiɗar za su riƙa tambayar mace yadda yininta yake, su ce mata tun ranar farko ta tanadi takalmi biyu, da an rage irin haka.

Sashen gashi kuma na shiga ne da zaton kwanciya zan yi a kunna mini na'ura mai ɗumi. An ɗan yi hakan a farko. Sauran duk aiki ne, kuma ni ce mai yin sa. Likitar, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba, ta fara da auna yadda ƙafar ke lanƙwasowa sama, ta ce agarata ta ɗaure. In agara ta gajarta, ƙafa ba ta samun lanƙwasawa a idon sawu, sai ta nemi hanya ta tsakiya, kwarmin ya ƙara bajewa. Don haka kullum in dafa bango, ƙafar dama a baya, dunduniya a ƙasa, yatsu suna kallon gaba sak, in jingina har in ji sha-raɓa ta ja, in riƙe daƙiƙa 30. In yi gwiwa a miƙe, in kuma yi da ita a ɗan lanƙwashe.

Sai roba. Wata doguwar roba ce mai faɗi, a ɗaura ta a ƙafar gado, a zarga a gaban ƙafa, a ja ƙafar ciki da ƙasa, a sake ta a hankali. Sakin a hankali shi ne aikin, in ji ta, ba jan ba. Robar launi-launi ce, kowane launi da ƙarfinsa, in wannan ya yi sauƙi a ba ka na gaba. Bayan nan aka zo kan ɗage: da farko a zaune, sannan a tsaye da ƙafa biyu ina dafe da tebur, da ƙwallon tanis a matse tsakanin dugadugai don kada su buɗe waje. Daga baya in hau da biyu in sauko da ɗaya. Akwai kuma tsayuwa da ƙafa ɗaya, da tattaro tawul da yatsu. Ba wanda yake da wuya a cikinsu. Maimaicin ne ke gundura, safe da yamma, wata da watanni, ba ka ganin wani canji daga yau zuwa gobe. Na haɗa na safe da jiran ruwan shayi ya tafasa, na dare kuma da labaran rediyo, in ba haka ba da na bari.

Ƙa'idar da ta ba ni game da ciwo ta yi mini amfani. Ɗan ja ko nauyi lokacin motsa jikin ba komai, muddin ya lafa kafin washegari. In na tashi da kumburi, to an wuce gona da iri, a koma baya mataki ɗaya. Hakan ta faru lokacin jarrabawar ƙarshen zango, da aka yi ta tsayuwar sa ido, wurin ya sake tasawa har na zata komai ya rushe. Ta ce ba rushewa ba ce, a rage roba a koma ƙanƙara, cikin 'yan kwanaki ya kwanta. Ranar ce ta ba ni labarin wani bincike da aka buga a Amurka a 2006: mutum 47 masu mataki na ɗaya da na biyu aka bi da takalmin gyara da irin wannan motsa jiki na wajen wata huɗu, 5 ne kawai a cikinsu suka kai ga tiyata.

Maganar nauyi ba wanda ya ɓoye mini ita, kuma ba ta da daɗin ji. Mai ciwon ƙafa ba ya iya doguwar tafiya, abin da aka fi cewa a yi don rage jiki ke nan. Sai na koma kan keken motsa jiki da ke sashen, a gida kuma na rage malmalar tuwo da lemon kwalba da sukarin shayi. Abin da ya sauka ba shi da yawa, amma ƙafar ta sani.

A layin gashi ne na ga sauran matakan da idona. Akwai wata 'yar kasuwa da aka yi wa tiyata bayan ta yi fiye da wata shida tana irin abin da nake yi ciwon bai bari ba. An yanka ƙashin dunduniyarta an matsar da shi ciki an ɗaure da kusa, aka ɗauko jijiyar da ke lanƙwasa ƙananan yatsu aka dasa ta inda mai raunin take, aka kuma sassauta mata agara. Ta yi makonni ba ta taka ƙafar ba sam, da sanduna take zuwa, an ce mata kafin ta ji ta koma daidai ana iya shekara. Akwai wata dattijuwa da ta zo ƙafar ta riga ta ƙage, ciwonta ma ya bar ciki ya koma wajen idon sawu, inda ƙashin dunduniya ke gogar ƙashin idon sawu na waje. Ita haɗe mata gaɓoɓi uku na bayan ƙafa aka yi suka zama ɗaya. Ciwo ya tafi, amma ƙafar ba ta juyawa gefe, tafiya a kan ƙasa mai gargada tana ba ta wuya. Wanda ya fi tsaya mini a rai wani magidanci ne mai ciwon sukari. Tasa ƙafar ta kumbura ta yi zafi ta baje cikin ɗan lokaci, shi kuwa ba ya jin ciwon kirki, don sukari ya kashe masa jin ƙafar, yana ta takawa ƙasusuwan na rugujewa. Likitar ta ce mai sukari in ya ga ƙafa ɗaya ta yi ɗumi ta kumbura, ko ba ciwo, ranar ya kamata ya zo asibiti.

Na kusa rufe shekara kafin na koma gaban likitan da ya fara ganina. Ya sake juya ni, ya sake ƙirga yatsu, suna nan yadda suke. Kwarmin bai dawo ba, ya ce kuma ba zai dawo ba, don jijiyar da ta miƙe ba ta komawa. Abin da aka nema shi ne ciwo ya tafi, ƙafar ta tsaya inda take. Sai ya ce in dafa bango. Na ɗaga hagu, na hau kan yatsun dama, na sauko, na sake hawa. Ba ta kai tsayin ta hagu ba, tana ɗan rawa, amma ta hau, dunduniyar ma ta ɗan juya ciki yadda ake so. Yanzu ina yinin aji ba ɗingishi, na koma salla a tsaye, sai dai in zaman tahiya ya yi tsawo nakan kwantar da ƙafar.

Ya ce robar da miƙa agara ba ranar daina su, ko da sau uku ne a mako. Shimfiɗar tana lotsewa, in ta kwanta a sake wata, kambas ma in bayansa ya saki a canja. Ya sa aka yi wa ƙafar hagu tata shimfiɗar, don ita ta ɗauki nauyin duk wannan lokaci kuma abin da ya jawo na dama bai bar jikina ba. In ciwo ya koma ta waje, ko na ga dunduniyar ta daina juyuwa in na kama ta da hannu, ko ɗagen ya sake gagara ta, kada in jira ranar da aka ba ni. In ba haka ba, in dawo bayan wata shida a sake hoton tsaye a gwada shi da na farko.